Rasuwar Goggo Dakata, Kwamfutar Cinya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har babu masaka tsinke a cikinta, sashen koyar da ilimin kwamfuta na makarantarmu, wato Malama ita kaɗai, yana sanar da malamai, ɗalibai, iyayen yara da sauran masu fatan alheri rasuwar Goggo Dakata, kwamfutar cinya, wadda rai ya yi wa halinsa a kan teburin shugaban makaranta, bayan doguwar jinya da gajeren hatsari.

Babu wanda ya san shekarun marigayiyar. Mai gyara, wanda ya fi kowa sanin cikinta, ya ce ko kamfanin da ya haife ta ya manta ya taɓa yin irinta. Abin da aka sani shi ne ta fara rayuwa a wani ofis, a hannun yayan Malama. Da aka sauya musu na'urori, aka ce kowa ya kwashe tsohuwarsa, sai ya kawo ta gida don yaransa su riƙa kallo. Yaran suka kunna ta, suka zauna jiran ta tashi, suka gaji, suka fita wasa, suka dawo, tana nan tana shiri. Daga nan ya miƙa wa ƙanwarsa, ya ce tunda ke malama ce, kin saba da masu jinkirin fahimta, ɗauki ki je da ita.

A lokacin lissafi Malama take koyarwa, hankalinta kwance, ita da allinta. Kwatsam sai umarni ya zo daga sama cewa kowace makaranta ta fara koyar da kwamfuta. Shugaba ya tara malamai ya tambayi wanda ya iya. Kowa ya ɗaga kai yana nazarin silin. Can sai malamin tarihi, wanda ba ya iya ganin abu ya yi shiru, ya ce shi dai ya taɓa ganin Malama da wata baƙar jaka mai nauyi. Kafin ta buɗe baki an yi tafi. Aka tura ta wani taron horarwa, inda aka ba su hula da jaka da takardar shaida, mai horarwar ya yi ta bayani a kan na'urar da bai zo da ita ba. Ta dawo da hular, ta ba mijinta.

Zangon farko a allo ta koyar. Ta zana kwamfuta, ta zana madannai, ta zana maus da 'yar wayarsa. Da jarrabawa ta zo, wani ɗalibi ya rubuta cewa maus wani irin ɗan itace ne mai wutsiya. Malamai suka yi ta dariya a ɗakin hutu, ita ma ta yi, amma da ta koma ta dubi zanen nata sai ta ga yaron bai yi ƙarya ba. Abin ya tsaya mata a rai. Washegari ta saɓo baƙar jakar, ta hau bayan babur ɗin mijinta, jakar a tsakaninsu kamar yaro, ta kawo marigayiyar makaranta. Tun daga ranar Goggo ta kama aikin gwamnati, ba takardar ɗauka, ba albashi, ba hutu.

Ɗalibai ne suka raɗa mata suna. Idan aka danna mata maɓallin tashi, sai ta yi tiiit, ta yi shiru kamar mai tuna inda take, sannan fankarta ta ɗauki fuuuuu, wani ɗan zobe ya fito a fuskarta yana juyawa. Yara su fara ƙorafi, Malama ta ce ku dakata. Kafin Goggo ta gama wartsakewa, Malama ta kira suna, ta raba faɗa, ta koyar da rabin darasi. Sai can a ji tin-din-din, aji ya ɗauki shewa kamar an dawo da wuta.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai shaide ta da haƙuri. Aji guda cur yakan yi layi a gabanta, kowa ya matso ya taɓa, mai hannu da maiƙo da mai hannu da ƙura, mai dannawa a hankali da mai dukan madanni kamar yana bin sa bashin gaisuwa. Ba ta taɓa cewa wannan ɗan wane ne ba. Yadda take ɓata wa ɗan mai kuɗi lokaci, haka take ɓata wa ɗan talaka. Ba ta da yawo, domin batirinta ya riga ta tafiya da daɗewa, ba ta nisa da bango. In wani ya yi tuntuɓe da wayar caja, nan take sai ta suma, a sake dakatawa daga farko. Ba ta da gulma, tunda ba ta taɓa shiga intanet ba, duk abin da aka gaya mata a cikinta yake kwana. Lokacin sanyi kuwa 'yan layin gaba kan kai hannu kusa da haƙarƙarinta su ji ɗumi.

Malama a kanta ta koyi abin da take koyarwa. Ranakun hutu, in ta gama wanki, sai ta baje tsohon littafi a gefe guda, Goggo a gefe guda, tana gwadawa tana kuskure, Goggo na yi mata ƙirrr-ƙas duk sanda ta yi shirme. Kullum darasi ɗaya take gaban ɗalibanta, kamar mai gudu kare na bin sa. Ba ta taɓa ɓoye musu ba. In suka yi tambayar da ta fi ƙarfinta, takan ce mu tambayi Goggo, su taru su gwada har sai ta amsa.

A cikin cututtukan marigayiyar babu wanda ya girgiza sashen kamar faɗuwar haƙorinta. Wata rana madannin harafin a ya ɓalle, ya shige ƙarƙashin benci, ba a sake ganinsa ba, abin da ke ƙasansa kuma ya daina amsawa. Kowa ya san Hausa ba ta tafiya sai da a. Mai gyara ya duba ya ce sai an sauya madannan gaba ɗaya, irinsu kuma sai dai a tono a kabari. Malama ta tsaya gaban aji ta ce to ga matsala, wa yake da dabara? Aka yi ta muhawara. Daga ƙarshe suka lura akwai wani harafi a saman wanda ya mutu, wato q, yana zaune ba aikin fari ba na baƙi, Hausa ba ta taɓa aikensa ko'ina ba. Suka ce a ba shi aikin. Sai su rubuta sqnnu dq zuwq, sannan su rubuta wata 'yar manhaja da za ta bi rubutun harafi bayan harafi, duk inda ta ga q ta cire ta sa a. Ita kanta manhajar sai da aka aro mata harafin a guda ɗaya daga wani tsohon fayil. Ranar da suka gwada, Goggo ta yi fuuuuu, ta yi tunani, sai ga sannu da zuwa ya fito tas a fuskarta. Ihun da aka yi sai da malamin ajin kusa ya leƙo da bulala. Malama ta juya ga allo tana ta goge wurin da babu rubutu, don kada yara su ga idonta. Wannan ce manhaja ta farko da aka taɓa rubutawa a makarantarmu, kuma giɓin Goggo ne ya haife ta.

Ana cikin haka sai wata ƙungiya ta aiko wa makaranta sabbin kwamfutoci, mota guda, kowace a kwalinta. Malama ta yi murna har ta kusa rawa a gaban ɗalibai. Aka sauke su, aka jera a sito, Shugaba ya sa hannu, ya datse ƙofa da kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Ya ce an yi umarni kada a taɓa su sai wani mai girma ya zo ya yanke ƙyalle. Mai girma ya sa rana, ya ɗaga. Ya sake sawa, ya yi tafiya. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Yara kan leƙa ta tagar sito su ƙirga kwalaye, su dawo su bi layin Goggo.

A bana ne 'yan ajin ƙarshe za su fara zana jarrabawar aiki da kwamfuta, wadda mai jarrabawa zai zo daga waje ya zauna ya ga kowane yaro ya yi da hannunsa. Doka ta ce makarantar da ba ta da na'ura mai aiki, a soke mata darasin, yaranta su tashi ba sakamako. Malama ta roƙi makulli, Shugaba ya ce ai ga Goggo. Ta shirya yadda za su bi layi, ta roƙi Goggo a asirce ta daure ta kai su gaci.

Saura 'yan kwanaki sai labari ya zo cewa wannan karon mai girma zai zo da gaske. Shugaba ya aiko a ara masa Goggo, zai rubuta jawabin maraba a kan muhimmancin ilimin kwamfuta ga 'ya'yanmu. Malama ta kai ta da kanta, ta yi masa bayanin harafin a, ta nuna masa inda iska ke fita, ta ce don Allah kada a toshe. Ya ce ya ji. Ya ɗora ta a kan tulin takardu, ya ajiye kofin shayinsa a gefe, ya fara farautar haruffa da yatsa ɗaya. Ya kai wurin da yake cewa duk al'ummar da ta yi wasa da kwamfuta ta yi wasa da gobenta, abin ya yi masa daɗi, ya ɗaga hannu don ya gwada yadda zai faɗe shi a gaban jama'a. Gwiwar hannunsa ta samu kofi. Masinjan ofis, wanda aka yi abin a gabansa, ya ce marigayiyar ba ta yi kuka ba. Ta dai yi tsss, fankarta ta ja wani dogon numfashi, fuskarta ta yi baƙi.

Shugaba ya goge ta da hankici, ya aika wa Malama cewa Goggo ta ɗan yi fushi. Mai gyara ya kwance ta, ya shinshina, ya ce an sa madara da yawa. Ya busa, ya shanya, ya gwada duk abin da ya sani, sannan ya cire tabaransa ya ce Malama sai haƙuri. Rumbun da take ajiye ayyukan yara kawai ya iya cetowa. Mai girma kuwa ya sake ɗaga zuwansa.

Malama ba ta yi kuka a shagon mai gyara ba, ba ta yi a kan babur ba. Washegari da safe ta shiga ofishin Shugaba, ta ɗora marigayiyar a tsakiyar teburinsa, ta lulluɓe ta da farin ƙyalle, ta ja kujerar baƙi ta zauna, ta yi tagumi.

Shugaba ya ce, "Malama, wannan fa ofis ne."

Ta ce, "Na sani, ranka ya daɗe. A nan ta cika, a nan za a karɓi gaisuwa."

Bai gama fahimtar maganar ba sai ga malamin tarihi ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce ashe Goggo lokaci ya yi, ya kawo tarihinta tun daga baƙar jaka. Yana fita malamar turanci ta shigo tana share ido. Bayanta mai gadi. Bayansa matan da ke sayar da abinci a bakin ƙofa, waɗanda ba su taɓa ganin marigayiyar ba, amma sun ji an yi rashi. Sannan ɗalibai, aji bayan aji, a layi kamar yadda suka saba, kowa ya ce Malama ya haƙuri, ya juya ya ce Shugaba ya haƙuri. Dole ya amsa. Wayarsa ta yi ta ƙara bai samu ɗauka ba. Da wani uba ya zo kan maganar ɗansa, ya ga taro da farin ƙyalle, sai ya manta abin da ya kawo shi, ya tambayi ko marigayiyar ta bar 'ya'ya.

Wajen azahar Shugaba ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna. Ya dubi Malama ya ce:

"Kin san dai ba da gangan na yi ba."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ni na sa hannu a kan kayan can. In na buɗe, ɗaya ta lalace, wuyana za a shaƙe. Ga ritaya tana leƙo ni. Wani abokina a kan kujeru kawai aka raba shi da aikinsa, yanzu ko gaisuwa ba ya son amsawa."

Malama ta dube shi, ta ga tsoron gaske ne a idonsa, ba mugunta ba. Ta sassauta murya.

"To yaran nan fa? In mai jarrabawa ya zo, kwali zan nuna masa? Shekararsu nawa suna bin layi. Ka ce ni na fasa ƙofar, ni a kama."

"Ke? Da wane ƙarfin?"

"Ai ba da ƙarfi ake fasa irin wannan ƙofar ba, ranka ya daɗe. Da makulli ake yi."

Shugaba ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ya miƙe, ya laluba aljihu, ya ajiye makulli kusa da gawar, ya ce zai je duba banɗakunan yara, kuma a sani shi mutum ne mai yawan mantuwa.

Da aka buɗe sito, aka tarar ɓeraye sun riga mai girma ƙaddamar da kwali ɗaya, har sun yi iyali a ciki. Wata kwamfutar batirinta ya kumbura saboda zaman banza. Sauran kuwa lafiya lau. Aka jera su a aji, aka danna, kafin Malama ta buɗe baki ta ce ku dakata, sun tashi. Yara suka ja da baya. Wata ɗaliba ta ce wannan ba ta da tarbiyya, ko gaisawa ba a yi ba ta hau aiki. Ranar jarrabawa kowa ya samu tasa. Mai jarrabawa ya zagaya, ya tsaya a bayan wani yaro yana kallon yadda yake zuba q a ko'ina, ya tambayi ko lafiya. Aka yi masa bayani, aka nuna masa manhajar. Ya karanta ta, ya sake karantawa, ya tambayi wa ya rubuta musu. Suka ce su. Darasin kwamfuta yana nan a makarantarmu, ba a soke ba.

Kwalayen ma suna nan, an adana su. Duk sanda aka ji ƙishin-ƙishin mai girma na tafe, sai a mayar da kowace kwamfuta kwalinta, a manne da salatif, a share sito, a jira. In ya fasa, a sake fitarwa. Yara sun ƙware a wannan har ya kamata a sa shi a jarrabawa.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja guda, mai ɗauri a wuya da a ƙugu, wadda sai an karkata ta an danne da littafi take aiki. Ta bar maus na aro, wanda mai shi ya daina tambaya. Ta bar baƙar jaka mai mataccen zif, da filas ɗaya na ajiyar fayiloli wanda mai gyara ya ce cututtukan da ke cikinsa sun isa a buɗe musu asibiti. Ta bar ɗalibai masu yawa, wasu har sun fara cin abinci da abin da suka koya a layinta. Ta bar Malama, wadda yanzu ke zaune gaban sabuwar na'ura mai sauri, tana dannawa tana juya baya don ta kira suna, sai ta waiwayo ta ga an daɗe ana jiranta.

Za a yi bankwana da marigayiyar ranar Litinin bayan taron safe, a ajin kwamfuta, kusa da soket ɗin da ta yi rayuwarta a jikinsa. Bisa yardar iyali, mai gyara zai cire fanka da fuska da 'yan kusoshi don a taimaki wasu marasa lafiya. Mijin Malama ya kawo shawarar a miƙa sauran ga 'yan gwangwan su auna, an saurare shi, an kuma roƙe shi kada ya sake. Za a kai ta makwancinta a saman kabad ɗin ɗakin Malama, tsakanin akwatin tafiya da tsohuwar fitila.

Ba a buƙatar furanni. Mai niyyar alheri ya kawo soket mai baki da yawa, domin yanzu na'urori sun yi yawa, bango kuma ɗaya ne. Wanda yake da hanya a sama ya taimaka a turo malamin kwamfuta na biyu, ko a kira Malama horarwar da za a taɓa na'ura da hannu. Masu jawabi a kan muhimmancin ilimin kwamfuta, an gode, a bar shi a gida.

A ƙarshen taro Malama da kanta za ta rufe murfin. Tun ranar da ta karɓe ta ba ta taɓa rufe shi ruf ba, kullum sai ta saƙala ɗan kwali a tsakani, domin marigayiyar in aka rufe ta gaba ɗaya takan ɗauka an sallame ta, ta ƙi tashi. Ranar Litinin za a zare kwalin. Daga nan kowa ya koma wurin zamansa, akwai darasi.